Alli da Gawayi a Bangon Kakana

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kakana ya koma, wata Laraba da hantsi a tsakiyar marka. An fitar da shi daga gidanmu na Unguwar Shanu ana riƙe wa makara leda saboda yayyafi. Waɗanda suka raka shi suka dawo da jar laka har ƙwauri, suka jibge takalma a bakin zaure, aka zauna zaman makoki.

Ni aka sa wankin kofuna a gindin tagar falo, don haka ina jin maza ta taga, ina jin mata ta tsakar gida. Limamin unguwa ya ce tun da ya zo masallacin nan agogon bango bai taɓa yin latti ba, ashe Alhaji ne ke hawa benci yana gyara shi, yanzu bai san wa zai hau ba. Maƙwabcinmu direban tasi, mutumin Katsina, ya fara ba da labarin yadda marigayi ya tayar masa da batirin da kowa ya ce a jefar. Bai kai ƙarshe ba ya tashi ya fita kamar zai duba motarsa. A cikin gida wata 'yar'uwarmu da ta zo daga Rigasa ta leƙa sito, ta ga firji, ta tambaya a hankali ko yana cikin kayan gado. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce na gwamnati ne, kuma ko mai gidan yana raye ba wanda ya isa ya sa masa ƙullin zoɓo. Mata suka yi dariya, sai dariyar ta juye kuka. Gwaggon ce ma ta fara.

Tsofaffin abokan aikinsa su suka fi kowa magana. Ɗaya bayan ɗaya suke cewa injiniya ne wanda lissafinsa ba ya kuskure. In ɗaya ya faɗa, saura su ce haka ne, Allah ya jiƙansa. Ta taga ina hango gefen fuskar Baba. Duk lokacin da aka faɗi haka sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma.

Yabo ne, na sani. Amma Kaka ya ƙare kwanakinsa ne yana neman wanda zai saurare shi, ya gaya masa cewa lissafinsa ya yi kuskure, kuma bai samu ba. Ina tsoron a manta da shi. Na fi tsoron a riƙa tuna wani mutum daban a ce shi ne.

Kaka injiniyan lantarki ne a ma'aikatar da ke kula da asibitocin karkara. Aikinsa na ƙarshe kafin ritaya shi ne na firjin allurar rigakafi. Maganin rigakafin yara ba ya zama sai da sanyi. A ƙauyuka babu wuta, da firjin kananzir ake aiki, ga kananzir ya yi wuya, ko mu a gari sai an wuni a layi. Ya taɓa ba mu labari ana cin abinci, cewa ya je rangadi wani ɗakin shan magani ya tarar firji ya daɗe da mutuwa, malamin asibitin kuma yana ta yi wa yara allura, mata sun yi layi har bakin rijiya. Ya ce malamin ba mugu ba ne, kwalaben suna nan yadda suke, launi bai sauya ba.

"Nono in ya lalace za ki ji tsami," in ji shi, yana nuna ni da cokali. "Wannan ba tsami, ba wari. Uwa ta koma gida tana murna, ruwa aka ɗura wa ɗanta."

Sai aka kawo wani sabon firji mai aiki da hasken rana. Akwai farantai masu fuskar gilashi da ake ɗorawa a kan rufi, su zuƙi rana su cika batir, batir ya riƙe firji dare da rana. Shi aka ba aikin lissafa faranti nawa kowane firji ke buƙata. Ya ɗauki alƙaluman hasken rana na wata-wata da suka zo tare da kayan, ya yi lissafi, ya ce faranti biyu sun isa, ya sa hannu. Amma ya kafa sharaɗi, kada a raba wa ƙauyuka sai an gwada guda ɗaya shekara cur, rani da damina. Da ritayarsa ta zo sai ya roƙa aka kafa na gwajin a gidanmu, farantai a kan kwanon sito, firji da batir da mita a ciki. Wanda ya gaje shi a ofis yaronsa ne a da, yanzu darakta. A falonmu ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa kujera, ya yi alkawari motoci ba za su tashi da kayan ba sai bayan marka, sai ya ji daga bakin maigida.

Kaka ya share bangon sito. Ya ja dogon layi da farin alli daga bakin ƙofa har kusurwa, mai hawa da sauka, ya rubuta lambobi a ƙarƙashi. Wannan shi ne abin da lissafi ya ce farantan za su bayar a kowane lokaci na shekara. Kullum da yamma sai ya sa tabarau ya duba tsinken mita, ya ɗiga abin da ya gani da gawayi. Alli maganarsa ce, in ji shi, gawayi kuma maganar rana. Gawayin daga murhun Iya yake ɗauka, wato kakata. Ta sha cewa duk gidan nan ba mai iya zaɓen gawayi kamarsa, sai ya bar mata gari ya kwashe manyan.

Da mutane mutum ne mai doguwar gaisuwa, sai ya tambayi gida da yara da gajiya har ka rasa amsa. Amma in magana ta zo kan abu, ba ya karɓar "ba laifi". Ka ce masa ruwan tanki ya kusa ƙarewa, ya ce kusa ta ina, yatsa nawa ya rage? Ka ce fitila na ɗan ci, ya ce ko tana ci ko ba ta ci. Ni yana kirana matarsa mai azumin magana. In na dawo makaranta nakan zauna a dokin ƙofar sito ina ɓarar gyaɗa, shi kuma yana aikinsa yana magana, ban san ko da ni yake ba ko da bango. Wata rana ya tsaya ya daɗe yana kallon wajen da allin ya nuna watan marka. Ya ce wurin nan ne ke hana shi barci. Alƙaluman da aka ba shi sun tara hasken rana na wata guda ne suka raba daidai. Ya ce in Iya ta ba ni tuwon sati a kwana biyu, sauran kwanakin ta rufe tukunya, a takarda na ci abinci kullum. Ya tambaye ni ko na yarda. Na girgiza kai. Ya ce to shi ma batir bai san takarda ba.

Da bazara ta yi tsanani gawayi ya fara sauka ƙasa da alli, alhali ga rana kamar ta ƙona mutum. Ya jingina tsani ya hau, Iya tana ƙasa tana salati tana tuna masa shekarunsa. Ya taɓa faranti ya janye hannu da sauri. Ashe in ya yi zafi da yawa ƙarfinsa raguwa yake, ga kwano na gasa shi ta ƙasa. Ya kira kafinta aka ɗaga farantan a kan katako don iska ta riƙa ratsawa. Ranar har ƙarin tuwo ya nema. Iya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ke murna don an kama shi da kuskure ba.

A azumin shekarar suka yi faɗa da Gwaggo. Babu komai a firjin sai kwalaben ruwa da aka jera a madadin magani, da ma'aunin zafi, kuma ba a buɗe shi sai lokacin da malamin asibiti zai buɗe nasa. Wuta kuwa an ɗauke ta a unguwa, ba ranar dawowa. Gwaggo ta faki idonsa ta cusa ƙullin zoɓo mai ɗumi cike da roba. Bai ga zoɓon ba, ma'aunin ne ya tona ta. Ban taɓa jin muryarsa ta kai zaure ba sai ranar. Gwaggo ma ba ta yi shiru ba. Ta ce firji na sanyaya ruwan da ba mai sha, masu azumi na shan ruwa kamar na wanka, wannan ba addini ba ne, ba kuma boko ba ne. Ya ce ta ɓata masa awon kwana da kwanaki. Ta ce Allah ya ba awon haƙuri. Suka daina magana, gaisuwa kawai.

Washegari bayan la'asar ya hau babur ɗinsa ya tafi Kawo, ya dawo da ƙaton dutsen ƙanƙara a buhu, an binne shi cikin garin katako don kada ya narke. Ya fasa da guduma a bakin rijiya, aka kai gidajen maƙwabta, har gidan hayar da leburori ke kwana. Haka ya yi ta yi har sallah. Gutsuren Gwaggo kullum ya fi na kowa. Takan karɓa ta ce, ba fa wai ta huce ba ne.

Farkon damina ya faɗi a tsakar gida yana dawowa daga sito, gawayi a hannunsa. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma bakinsa da hankalinsa suna nan. Likita ya ja Baba gefe ya ce kada a bari wani abu ya tayar masa da hankali, in ya sake faɗuwa ba lallai ya tashi ba. Aka sa masa gado a ɗakin gaba. Sito yana can ƙarshen tsakar gida, ko ta taga ba a hango shi.

Sai ya ɗora wa Baba aikin. In ya dawo ofis, kafin ya cire hula, ya je ya duba tsinke ya zo ya faɗa, ya kuma kawo kwalba ɗaya daga firji Kaka ya ɗora a kumatu ya ji. Baba ma'aikacin ofis ne, mutum mai gudun ɓacin ran kowa, ko ɗan aike ba ya iya yi wa tsawa. Da farko abin ya tafi daidai. Wata rana lambar ta haura, wata rana ta gaza, Kaka ya gyaɗa kai, don duk allin bangon nan yana cikin kansa.

Sai marka ta kama. Gari ya rufe, yayyafi safe da yamma, shanya ba ta bushewa, ashana ba ta kamawa. Firjin yana da wani ɗan gurnani da muka saba da shi har muka daina ji. Wata yamma ina wucewa da buta na ji tsakar gida ta yi wani irin shiru. Baba ya shiga sito ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya tsaya a ƙarƙashin indararo, ruwa na ɗiga a kafaɗarsa bai matsa ba.

Baba ɗan fari ne, Iya ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Sai ta kalli Gwaggo ta ce ta gaya wa wancan, maganar likita tana gaba da maganar bango. A gidanmu, kamar kowane gida, in an tambayi jikin mara lafiya amsa ɗaya ce, da sauƙi, ko da ana juya shi ne. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Sai aka yi wa firji irin ta mara lafiya. Baba bai san lambar da zai ƙirƙira ba, don haka ya duba bango ya karanto ta alli. Ita kuma Iya ta aika Kawo aka sayo ƙanƙara, aka sa a kwano cikin firji aka jingina kwalaben.

Haka aka yi ta yi. Kaka ya fara cin abinci sosai, har ya ce a kunna masa rediyo. Iya ta ce kun gani ko.

Ranar da abin ya fashe ina zaune a ƙasa ina yi masa fifita, don ko ana ruwa yakan ji zafi. Baba ya shigo ya durƙusa ya faɗi lamba. Kaka ya kalli silin.

"Jiya ma daidai," ya ce. "Shekaranjiya daidai."

"Alhamdu lillahi, Alhaji."

"Tun bara nake bin gawayin nan, bai taɓa taka alli ba. Sai da na kwanta ya koyi biyayya?"

Gwaggo tana bakin ƙofa da kwanon kunu. Ta ce, "To Alhaji, yanzu ka yi daidai ma laifi ne?"

"Ni na yi lissafin, ban yarda da shi haka ba. Ba ni kwalbar."

Baba ya miƙa. Kaka bai kai ta kumatu ba. Ya juya ta da hannunsa mai lafiya, ya kai gindinta kusa da ido. Garin katako ne ya manne a wurin, jiƙaƙƙe, ɗan kaɗan. Ya lakato da babban yatsa ya murza. Ya ɗaga ido ya dubi Iya.

Iya ta ce, "Ni na aika. In faɗa ne a yi da ni."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya ajiye kwalbar a gefen katifa ya ce wa Baba ya ɗauke shi. Baba ya ce ruwa ake yi, a bari gobe, likita ya ce.

"A wuya na ɗauke ka har Mando don ka ga jirgi," in ji Kaka. "Ɗauke ni in ga tsinke."

Baba ya juya baya ya tsuguna. Gwaggo ta ajiye kunu ta taimaka aka ɗora shi, ta buɗa laima. Ban san Kaka ya rame haka ba sai da na ga Baba ya miƙe da shi ba nishi. Ƙafarsa ta hagu tana reto tana dukan cinyar Baba, sai Iya ta bi bayansu ta riƙe ta da hannu biyu, ba mayafi, ruwa na dukanta. Haka suka ratsa tsakar gida.

A sito ya ce a buɗe firji. Ƙanƙarar ta narke saura kamar sabulu tana yawo a kwano. Ya ce a matsa da shi wajen mita. Tsinke yana kwance. Ya tambayi tun yaushe, Baba ya faɗa masa gaskiya. Ya ce a ba shi gawayi. Baba ya juya gefe don hannun ya kai bango, Kaka ya miƙa, ya ce bai kai ba, a sauka. Baba ya ranƙwafa. Ya ce a ƙara. Sai da Baba ya kai gwiwa ƙasa da shi a baya, sannan ya ɗiga gawayin can kusa da daɓe, farin layin yana sama nesa.

"Faranti biyu ba su isa ba," ya ce. "Batir ma bai isa ba. Kuma ni na sa hannu."

Tun daga ranar bai da wata magana sai ta darakta. A je a kira shi, ya zo ya gani da idonsa, kada mota ko ɗaya ta tashi sai an ƙara faranti da batir. Baba ya je ofishin aka ce yana mitin. Ya koma aka ce ya yi tafiya. Ya bar saƙo a rubuce cewa Alhaji na nemansa, ba amsa. Wayar gidan maƙwabta ruwa ya kashe ta. Kuma yanzu Kaka ya hana kowa ce masa da sauƙi, don haka kullum Baba sai ya durƙusa a gaban gado ya ce bai same shi ba. Na ga Baba yana tsayawa a zaure ya daɗe kafin ya shigo.

Kowace mota ta rage gudu a layinmu sai Kaka ya ɗaga kai daga matashi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya gaya masa. Ya gaya wa liman, ya riƙe masa hannun riga. Ya gaya wa mai yi masa aski. Ya gaya wa wata tsohuwa da ta kawo masa fura, wadda ba ta ma ji sosai. A lokacin harshensa ya fara nauyi, sai su ɗauka zafin ciwo ne. Su ce Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji, kada ka sa komai a ranka. In sun fita ya juya fuska bango. Sau ɗaya ya ce a ɗora shi a tasi a kai shi ofishin a ajiye a bakin matakala, ya ga wanda zai tsallake shi. Baba ya fita neman mota, amma kafin ya dawo jikin ya rikice, aka fasa.

Abin da ya rage masa na dangana shi ne alkawarin nan. Yakan ce yaron ba ya saɓa magana, akwai sauran lokaci, marka ba ta wuce ba. Ya ce gara da aka gani yanzu.

Rana ta ƙarshe da na ji maganarsa sosai, mu biyu ne a ɗakin. Ya tambaye ni ko rana ta leƙo yau. Na girgiza kai. Ya ɗan yi murmushi da ɓarin bakin da ke motsi.

"Matata," ya ce, "duk gidan nan ke kaɗai ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Don ba kya magana ne."

Bayan kwana biyu ya rasu. Iya ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Amma na ji ta a ɗaki tana cewa, ba ta san wanne ne ya ci shi ba, ɓoyewar ko ganin. Gwaggo ta ce kwana ne ya ƙare. Iya ta ce ta sani, amma ba ta san wanne ba.

Darakta ya zo ranar addu'ar uku, Juma'a, da babbar riga da direba. Ya zauna cikin mutane aka yi addu'a, idonsa ya yi ja, na yarda kukan gaske ya yi. Ya nemi ya gaisa da Hajiya, aka shigo da shi tsakar gida, ya durƙusa a bakin labulen ɗakin da Iya ke takaba. Da zai tashi ya ce wa Baba in an kwana biyu yara za su zo su kwance kayan gwaji. Baba ya ajiye carbinsa. Ya ce, ranka ya daɗe, akwai abin da Alhaji ya ce lallai a nuna maka.

Ya kai shi sito. Ina bakin rijiya, ƙofar a buɗe. Darakta ya bi farin layin da ido, ya bi ɗigon gawayi, ya zo inda suka yanke, sannan ya sunkuya ya ga na ƙasa. Ba sai an yi masa bayani ba, Kaka ne ya koya masa aiki. Ya buɗe firji ya sa hannu ya daɗe bai fitar ba. Sai ya zauna a kan buhun masara, da babbar rigarsa.

Ya ce motoci sun tafi. Tun kafin marka suka tafi. Na sama sun matsa masa, kuma in ruwa ya yi ƙarfi hanyoyin ƙauyukan yankewa suke sai lokacin kaka. Ya ga rani ya wuce lafiya, bazara ta wuce lafiya, ga sa hannun maigida, wa zai yi shakka. Ya ce duk zuwan Baba yana ciki, ya ga saƙon. Ya ɗauka maigida na neman jin labarin motoci ne, ya kuma ji abin da likita ya ce, ya rasa da wace fuska zai zo.

"Na ce in ya samu sauƙi sai in gaya masa," in ji shi.

A gidan nan ba mai bakin da zai zarge shi.

Muryar Iya ce ta fito daga bayan labule. Ta ce, "Yanzu ana yi wa yara allura daga cikinsu?"

Ya ce ana yi.

Ya ce zai rubuta sama, zai kira mitin, sai dai motocin ma'aikata ba mai, kuma ƙarin faranti sai an yi oda daga waje. Baba ya tambaye shi sunayen ƙauyukan. Ya ce suna ofis, an tashi, sai Litinin. Baba ya sake tambaya, ko ɗaya ne. Ban taɓa jin Baba ya maimaita wa babba tambaya ba. Darakta ya dafe goshi ya tuno guda, can kan hanyar da ta wuce Mando, in an sauka titi sai an shiga daji.

Babban ɗan mamaci ba ya barin tabarma sai an yi bakwai. Shi ake zuwa yi wa gaisuwa. Ƙannen Kaka biyu da suka zo daga Zariya suka tare Baba a zaure, suka ce abin kunya ne, mutane za su zo daga nesa su tarar da wa, kuma shi ba likita ba, ba injiniya ba, me zai je ya yi. Baba ya ce abu ɗaya zai faɗa wa malamin asibitin, in firji ya yi shiru kada ya taɓa kwalaben, shi kuma ya nuna masa ƙauye na gaba. Suka ce a bari Litinin mana. Baba ya shigo ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya a bakin labulen Iya ya ce zai tafi. Iya ta ce wa Gwaggo ta ba wancan laima mai kyau, ba mai karyayyen ƙarfe ba.

Har yanzu da nake rubutun nan bai dawo ba, ruwa kuma bai ɗauke ba. Mutane suna ta zuwa, su cire takalma, su duba wurin da ya kamata ya zauna. Ɗazu wani dattijo ya aiko ciki yana tambayar ina babban ɗan. Gwaggo ta ce a gaya masa Alhaji ya aike shi.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya masa. Kada ka kama shi da hannun da ya sa, ka ga yadda ya nemi janye shi. Ka ba Iya haƙuri, ka tsare Baba a hanya. Ƙauyukan nan da ba mu san sunansu ba, Kai ka san su. Ka buɗe musu rana, ko ta wuni ɗaya ce.